Kwas ɗaya da ya ci mini shekara guda

Makon jiya na karɓi takardar kammala digirina a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, shekara guda cur bayan 'yan ajinmu sun karɓi tasu. Ƙannenmu na sashe sun sha tambayata abin da ya tsayar da ni, ni kuwa sai in ce musu lokaci ne bai yi ba. Yanzu da na fita, ina ganin hakkinsu ne in faɗa musu yadda abin ya faru, ko wata ta tsira daga ramin da na faɗa.

Na shigo wannan fanni ne don ina son sanin abin da ke cin ran mutane, in kuma iya zama da mai damuwa in saurare shi. Shekarar farko ta yi mini daɗi ƙwarai. An ba mu labarin Wilhelm Wundt da ɗakin gwajin da ya buɗe a Jamus a 1879, da karnukan Pavlov da suka koyi zubar da yawu tun kafin abinci ya iso, da matakai huɗu na girman tunanin yaro da Piaget ya tsara. Gwajin Milgram na 1961 ya hana ni barci: mutum 26 cikin 40 sun ci gaba da danna makunnin lantarki, wanda suka ɗauka yana jan wani mutum da wuta, har zuwa ƙarshe, don kawai wani mai rigar ɗakin gwaji ya ce su ci gaba. Na haddace waɗannan alƙaluma tsaf. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ta yaya mutum 40 za su yi magana a madadin sauran jama'a ba, ko wane ma'auni ake bi kafin a yarda da hakan.

Amsar tana cikin kwas ɗin ƙididdiga na farko, wanda ake yi a zangon farko na shekara ta biyu. Shi na guje wa. Ina zama can baya, ina kwafe abin da ke kan allo ba tare da ya ratsa kaina ba, ina ce wa raina ai ni da mutane na zo yin hulɗa, me ya haɗa ni da lambobi. Da jarrabawa ta matso na kwana uku ina cusa dabarun lissafi a ka, alhali a shekarar da ta gabata an koya mana abin da Ebbinghaus ya nuna tun 1885, cewa abin da aka haddace da gaggawa mafi yawansa yakan zube cikin ɗan lokaci. Na faɗi. Wannan faɗuwa tawa ce, ban taɓa jingina ta ga kowa ba.

Abin da ya biyo baya ne har yau yake tsaya mini a wuya.

A farkon shekara ta uku na ɗauki fom ɗin rajista na kai wa malamin da aka ɗora wa alhakin duba kwasa-kwasan ajinmu. Na ce masa, "Malam, ina da kwas ɗin ƙididdiga da zan maimaita, amma lokacinsa ya ci karo da na kwas ɗin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Yaya zan yi?" Waya na kunnensa, ya saukar da ita kaɗan ya ce, "Bar shi sai shekarar ƙarshe, ai ba gudu zai yi ba. Ki haɗa shi da ƙididdiga ta biyu can." Ya zaro jan biro daga aljihun gaba, ya rattaba hannu a ƙasan fom ɗin bai ko juya shafin ba, ya miƙo mini. Duka-duka ban yi minti biyu a ofishin ba. Na fito ina murna an sauke mini kaya.

Sai da na zo rajistar shekara ta huɗu kwamfuta ta ƙi karɓar sunana a kundin binciken kammalawa. Sakatariyar sashe ce ta jawo littafin jagora daga aljihun teburinta, ta buɗe, ta ɗora yatsa a kan wani ɗan layi da ke ƙarƙashin sunan kwas ɗin. Ba a fara kundi sai an ci ƙididdiga ta biyu. Ba a shiga ta biyu sai an ci ta farko. Ta farko a zangon farko kaɗai ake koyar da ita, ta biyu a zango na biyu, shi kuwa kundi shekara guda yake ɗauka. Na tsaya ina lissafi da yatsu a gabanta, ko ta ina na juya shekara ɗaya ta riga ta tafi. Ta dube ni ta ce, "Sai haƙuri, 'yata."

Na koma wajen malamin da fom ɗin a hannuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka ce in bari." Ya ce, "Ke ba a ba ki littafin jagora ba ne? Yara nawa nake sa wa hannu a rana?" Shi ke nan. Na rubuta takardar koke, na liƙa kwafin fom ɗin mai sa hannunsa, aka amsa mini a layi biyu cewa ƙa'ida ƙa'ida ce. Ban ƙi ƙa'idar ba, daga baya ma na ga hikimarta. Kuma na yarda littafin yana cikin akwatina tun ranar farko ban buɗe shi ba. To amma in sa hannun mai dubawa ba ya nufin ya duba, don me aka ajiye shi a kujerar? Kalmar "na yi kuskure" kaɗai na so in ji daga bakinsa. Har na bar makarantar ban ji ta ba, kuma in muka haɗu a hanya yakan amsa gaisuwata kamar wanda bai san fuskata ba.

Da na koma ajin ƙididdiga tare da 'yan shekara ta biyu, layin gaba na zauna. Na daina haddace dabara sai na san abin da take aunawa. Can ne na gane cewa matsakaici shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an san yadda alƙaluman suka warwatsu a kewayensa, kuma abubuwa biyu su tafi tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. Na gane abin da 0.05 ɗin nan yake nufi, wanda masanin ƙididdiga Fisher ya yaɗa tun 1925, nake ta ganinsa a kowace takardar bincike ina tsallakewa: in da a ce babu wani bambanci na haƙiƙa, sakamako mai girma irin wannan bai kamata ya fito fiye da sau biyar cikin ɗari ba. Ranar da wannan ya zauna mini na koma kan takardun da na karanta a baya, sai na ga ashe shekara uku ina karanta farko da ƙarshe, tsakiyar da hujja take ina wuce ta ido rufe.

Shekara ta biyar kundi kaɗai na yi. Na auna alaƙar yawan barcin ɗalibai da iya tuna jerin kalmomi. Na raba takardun tambayoyi, na shigar da amsoshi a manhajar ƙididdiga ta SPSS da hannuna ɗaya bayan ɗaya, sakamako ya fito 0.07, ya gaza saukowa ƙasa da 0.05 da ɗan kaɗan. Wani abokin karatu ya ba ni shawarar in cire mutum huɗu ko biyar da amsarsu ta yi nisa da ta saura, lambar za ta sauko. Na kai maganar gaban malamar da ke duba kundina. Ta cire tabarau ta ce, "Kin sa ƙa'idar cire su kafin ki ga sakamako, ko sai da kika gani?" Na ce sai da na gani. Ta ce, "To rubuta abin da kika samu." Ita ce ta ba ni labarin aikin da aka wallafa a 2015, inda masu bincike da dama suka haɗu suka maimaita gwaje-gwaje 100 na fanninmu. A asali 97 daga ciki sun ba da sakamako mai ƙarfi, da aka sake kuwa kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka tsaya. Na rubuta 0.07 ɗina yadda yake, na kare shi a gaban malamai uku, na amsa kowace tambaya a kan lissafin ba tare da na leƙa takarda ba. Ina alfahari da wannan rana fiye da ranar karɓar shaida.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Kwas ɗin dabarun bincike ya fi kowane kwas na zaɓi amfani, ko da sunansa ba ya jan hankali. Kwas ɗin cututtukan ƙwaƙwalwa ba ya mayar da ɗalibi likita, kada wanda ya yi zango ɗaya ya fara liƙa wa 'yan uwansa sunan cuta. A nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike da wuri, don yakan ɗauki lokaci. Duk shawarar da aka ba ku da baki a kan rajista, ku nemi a rubuta, ku ajiye kwafi.

Ranar da na je sa hannun sallama, wata 'yar shekara ta biyu ta tare ni a bakin matakala da fom a hannu, ta ce, "Yaya, an ce in bar ƙididdiga sai gaba, wai ba matsala." Na tambaye ta wa ya ce, ta faɗi sunan da na zata. Na ja ta muka zauna a kan benci, na sa ta fito da littafin jagora, muka buɗe shafin. A bayan fom ɗinta na rubuta kwasa-kwasan uku, na ja kibiya daga na farko zuwa na biyu, daga na biyu zuwa kundi, na sa zangon kowanne a gefensa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta karɓi birona ta mayar da kwas ɗin cikin jerin na bana.