Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a tantunan Hatay

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan saƙo, ba don raini ba. Duk sanda na ɗauki waya zan fara, sai layukan tantunan nan su dawo mini a ido, in ajiye. Yau dai na ce sai na sauke nauyin, tunda an ce yaba kyauta tukwici.

Da asubahin Litinin 6 ga Fabrairu 2023, ƙarfe 4:17, ƙasa ta girgiza a kudancin Turkiyya da ƙarfin maki 7.8, kusa da Pazarjik a lardin Kahramanmarash. Mutane na barci, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Ana cikin tono, da azahar wata ta sake bugawa wajen Elbistan, maki 7.5, ta ƙarasa gine-ginen da ta farko ta tsattsaga. Larduna 11 abin ya shafa, an rasa rayuka sama da 50,000 a Turkiyya kaɗai, ban da dubban da suka rasu a arewacin Siriya. Allah ya jiƙan su.

Gwamnati ta mayar da karatun jami'o'i ta intanet don a sauke waɗanda suka tsira a ɗakunan kwanan ɗalibai. Sai mu 'yan ɗalibai kaɗan muka ga zama bai kama mu ba, muka ba da sunayenmu a aikin sa-kai, aka tura mu Hatay, ɗaya daga cikin lardunan da girgizar ta shafa. Ba mu da ƙwarewar tono ko ta jinya. Namu shi ne dakon kaya, rubuta sunayen iyalai tanti bayan tanti, da rabo.

Godiyata ta farko ga ku da kuka turo kuɗi bayan saƙon da na saka a WhatsApp. Da yawanku kun ce kada a ambaci suna, na kuma riƙe amana. Akwai wata baiwar Allah da ta turo nata tana ba da haƙuri wai ya yi kaɗan. Hajiya, kuɗinki sabulu aka saya da shi, kuma a makon nan sabulu ya fi bargo daraja. Barguna da rigunan sanyi sun zo tuli tun farko, har da takalman biki masu tsini da wasu suka kwaso daga ɗakunansu (wannan kam har yau ban gane ba). Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda mutane ke jin nauyin faɗa: banɗaki, ruwan wanka, audugar mata, kamfai, maganin ƙwarƙwata da na kazuwa. In mutum ya yi makonni bai samu inda zai yi wanka ba, cuta ce ke biyo baya, kuma yara take fara kamawa. Mu samari ba mu ma san da matsalar audugar ba sai da wata ma'aikaciyar jinya ta ja mu gefe ta ce, "Ku daina tambayar mazan gida abin da ake buƙata, ku bar mata su shiga su tambayi mata." Daga ranar jerin sayayyarmu ya canza. Na gode mata ƙwarai.

Na gode wa direban babbar motar da yake kwana a kujerarsa don kada a rasa mai ɗauko kaya da sassafe, da masu dafa miya a motocin girki na Kizilay, wato Red Crescent ta Turkiyya, da ma'aikatan AFAD, hukumar agajin gaggawa ta Turkiyya, da suka kafa tantunan. Sai wani bawan Allah ɗan Siriya da ya zama tafintanmu. Yaƙi ne ya koro shi daga ƙasarsa, girgizar ƙasa kuma ta rushe gidan da yake haya a Antakiya, babban birnin Hatay, amma kullum shi ne ke riga mu fitowa.

Daren 20 ga Fabrairu ba zai fita daga raina ba. Wata girgizar mai ƙarfi ta sake afka wa Hatay, muna tsakiyar sansani. Ni da na zo taimako ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Wata dattijuwa da muke kira Teyze, kamar a ce Inna, ita ta kamo hannuna ta zaunar da ni, tana cewa tanti ba ya kashe kowa in ya faɗo, in kwantar da hankalina. Matar da ta binne 'yarta kwana goma sha da suka wuce. Daga nan kullum sai ta ajiye mini shayi a ƙaramin kofin gilashi, in na ce na ƙoshi ta harare ni.

A tsakiyar Maris ambaliya ta shiga tantunan mutane a Adiyaman da Shanliurfa, har aka sake rasa rayuka. Da muka ji labari muka kama haƙa magudanar ruwa a gefen namu, muna ɗora shimfiɗu a kan katako. A lokacin 'yan jarida sun fara raguwa, gudummawa ma ta ja baya. Shi ya sa waɗanda suka ci gaba da turowa har cikin azumi, wanda aka fara 23 ga Maris, godiyarsu daban take a wurina. Da naku aka yi buɗa-baki a dogon layi, aka saya wa yara kayan sallah, aka kuma taya wasu iyalai kwashe 'yan komatsansu lokacin da aka fara mayar da mutane gidajen kwantena.

Rasitan duk abin da aka saya suna hannuna, duk mai son gani ya yi mini magana. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ko suka turo saƙo na yi shiru, ku yafe mini. Caji da sabis sai an yi sa'a. Iyayena da suka bar ni na tafi alhali hankalinsu a tashe yake, Allah ya saka muku da Aljanna. Ku ma duka Allah ya mayar muku da ninkin abin da kuka bayar, ya kiyaye ku da ganin irin wannan rana.

Teyze tana gidan kwantena yanzu. Kwanan baya ta sa jikanta ya turo mini saƙon murya, ta ce in gaishe mata da mutanena masu sabulu. To, ga gaisuwar na isar.