Kilomita 297 a kan keke a tsibiran Hebrides

Mun shiga jirgin ruwan kamfanin CalMac a garin Oban na yammacin Scotland, bayan kusan awa 5 muka sauka a Castlebay da ke tsibirin Barra. Hanyar keken da ake kira Hebridean Way daga tsibirin Vatersay take farawa, can kudu kaɗan da Barra, ta ƙare a Butt of Lewis, ƙarshen tsibirin Lewis ta arewa. Tsawonta kilomita 297, tsibirai 10, gadojin dutse 6 da jirgin fito 2. Kwana 6 muka ware mata.

Daga kudu muka nufi arewa, kuma duk mai niyyar zuwa haka zan ce ya yi. Iskar wajen yawanci daga kudu maso yamma take kaɗowa daga tekun Atlantika, ga shi babu bishiyoyin da za su tare ta. Idan tana bayanka, kilomita 50 a yini ba komai ba ne. Ranar da ta juyo mana a South Uist, a shimfiɗaɗɗiyar kwalta ma kilomita 8 muke yi a awa, da ƙaramar giya.

Iskar ce ta koya mana ɗaurin kaya. Kowa na ɗauke da kilo 18: jaka biyu a baya, biyu ƙanana a gaba, kaya masu nauyi a ƙasa. Wanda ya jibga komai a saman kariya, da iska ta bugo shi daga gefe sai ta tura shi tsakiyar titi, kuma da yawa daga titunan na mota ɗaya ne, sai ɗan wurin ratsewa jefi-jefi. Da ka ji mota a bayanka, shiga wurin ratsewar ka ba ta hanya.

Kwana a tanti halal ne a dokar Scotland ta 2003, muddin ka nisanci gidaje da gonaki, ka kuma kwashe shararka. Sai dai filin ciyawar bakin teku da suke kira machair yashi ne a ƙarƙashinsa, kuma wurin kiwo da noman mutane ne, gara a nemi izini ko a kama sansanin kuɗi. Siraran turakun da ke zuwa da tanti ba sa kama wannan yashi. Da tsakar dare turaku biyu suka tumɓuke mana. Mafita ita ce turaku masu faɗi, tsawon santimita 25 zuwa 30, guda 8, a kafa su a karkace, a juya ƙofar tanti ta ba iska baya.

Abin mamaki, ranar da iskar ta kwanta sai ka yi kewarta. Daga Yuni zuwa Agusta wasu ƙwari masu cizo, waɗanda ba su kai sauro girma ba, suna fitowa dubbai safe da yamma. Ragar gidan sauro ta yau da kullum ratsa ta suke yi, sai an sayi ragar fuska mai ƙananan ido. A Uist kuma akwai kaska mai ɗauke da cutar Lyme, don haka kullum da dare mukan duba ƙafafu da bayan gwiwa.

Gishiri da yashi su ne masu kashe keke a can. Sarƙa takan fara ƙara cikin kwana biyu, sai a goge ta da tsumma a ɗiga mata mai. Mun tafi da tayar ciki 2, kayan faci, famfo da robar birki ta canji. Robar ta yi amfani bayan hawan dutsen Clisham a tsibirin Harris, inda titi ke hawa kusan mita 190 sannan ya gangara a jiƙe.

Fiton Barra zuwa Eriskay minti 40 ne. Na Berneray zuwa Leverburgh awa ɗaya ne, kuma lokacinsa kan sauya saboda janyewar ruwa, a duba jadawalin tun jajibiri. A Harris da Lewis yawancin shaguna a rufe suke ranar Lahadi, don haka mun sayi shinkafa, kifin gwangwani da gas na kwana biyu tun Asabar. Sallah ma sai da lissafi: a Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 10 na dare, wajen 4:30 ta fito, duhu kuma ba ya kankama. Alƙibla tana kudu maso gabas.

Hanyar ta ƙare a hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta jan bulo, wadda aka gina a 1862. Daga nan saura kilomita 45 zuwa Stornoway, babban garin Lewis, inda aka buɗe masallaci a 2018, inda kuma jirgin komawa Ullapool a babban yankin Scotland yake tashi. Wannan karon iskar a fuska take, shi ya sa muka ba wannan zangon yini guda cur.