Wa'adin ɗaukaka ƙara bayan hukuncin Kotun Ma'aikata

Wani maƙwabcina da aka sallama daga aiki bayan shekaru yana bauta wa wani kamfani ya sha kaye a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a Najeriya, sai ya koma gida yana haɗa kuɗin lauya a hankali, da tunanin cewa hakkinsa yana nan yana jiransa. Ranar da ya shirya, lauya ya shaida masa cewa wa'adi ya wuce. Abin ya tsaya mini a rai, domin ban ga dalilin da zai sa a bar ma'aikaci ya fita daga zauren kotu ba tare da an gaya masa ranar da ƙofa za ta rufe ba.

Sashe na 24 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya ba da wata 3 idan hukuncin ƙarshe ne a shari'ar da ba ta laifi ba, amma kwana 14 kacal idan hukunci ne da alƙali ya yanke a tsakiyar shari'a kafin a kammala ta. Lissafin yana farawa ne daga ranar da aka yanke hukunci, ko mutum ya karɓi kwafinsa ko bai karɓa ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke rasa makonni suna zarya wajen magatakarda.

Akwai kuma wani mataki da ake mantawa da shi. A 2017, a shari'ar bankin Skye da Iwu, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ana iya ƙalubalantar hukuncin Kotun Ma'aikata, sai dai in ba batun hakkin ɗan'adam ko na laifi ba ne, wajibi ne a fara neman izinin Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ita ma wannan buƙata a cikin wa'adin ake shigar da ita. Kuma a shari'ar ƙwadago daga Kotun Ɗaukaka Ƙara babu gaba, ba a zuwa Kotun Ƙoli.

Ƙungiyoyin ƙwadago nasu ya fi tsauri: idan kwamitin sasanta rikicin ma'aikata ya yanke hukunci, Ministan Ƙwadago yana ba da lokacin da bai wuce kwana 7 ba don a nuna rashin amincewa.

Wanda ya makara yana iya roƙon ƙarin lokaci, amma sai ya kawo takardar rantsuwa mai bayyana ƙwaƙƙwaran dalilin jinkiri, ya kuma nuna cewa hujjojin ƙararsa sun cancanci a saurare su. Wannan alfarma ce a hannun alƙalai, suna iya bayarwa, suna iya hanawa. A ganina, talaucin wanda aka raba da albashinsa ya kamata ya samu nauyi a wannan ma'auni. Maƙwabcina ya shigar da roƙonsa, kuma har yanzu yana jiran ranar da za a saurare shi.