Neman kakan kakan matata, daga Minnesota zuwa Valdres

'Yata ce ta jawo min wannan aiki. Tana aji huɗu aka ba su aikin gida, kowa ya zana zuriyarsa iya inda ya sani. Ɓangarena bai ɗauke mu minti biyar ba. Ina zaune na jero mata kakanni bakwai, yadda kakata ta haddace min su a Zariya, ba tare da takarda ko ɗaya ba. Da muka juya ɓangaren uwarta, wadda haifaffiyar Minnesota ce, sai abin ya juye. Ga akwati cike da hotuna da wasiƙu da takardun gona a gidan surukata, amma lissafi ya tsaya cak a kan mutum guda, kakan kakan matata. An san daga Norway ya zo, an san inda kabarinsa yake a yammacin jihar. Shi ke nan. Yarinya ta dube ni ta ce, "Baba, to shi wa ya haife shi?" Na ce mata ta ba ni mako guda. Sai da na shekara biyu.

Ba zan kama sunansa ba, tunda zuriyarsa na nan da rai. Zan kira shi Tsoho.

Labari biyu ake bayarwa a gidan. Na farko, cewa a Ellis Island, tashar tantance baƙi ta New York, aka sauya masa suna. Na biyu, cewa iyayensa masu babbar gona ne a Norway, kuma sunan gonar ne zuriyar take amsawa har yau. Na farkon bai kai ko'ina ba ya faɗi. Ƙidayar Amurka ta 1900 tana tambayar baƙo shekarar da ya shigo ƙasar, kuma a layin Tsoho an rubuta 1869. Ellis Island kuwa sai 1892 aka buɗe ta. A zamaninsa, wanda ya sauka New York ta Castle Garden yake bi, wasu da yawa kuma ta Quebec a Kanada suke shigowa.

Duk mai irin wannan bincike, da ƙidayar 1900 ya kamata ya fara, ya riƙa komawa baya. Ita ce ta ba ni wata da shekarar haihuwarsa, da shekarun da ya yi da aure, da wani layi da ya tsaya min a rai: an tambayi matarsa 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ne a raye. Tara, shida. Ta 1890 babu ita, wuta ta cinye mafi yawanta a Washington a watan Janairun 1921. Sa'ar da na yi, Minnesota ta riƙa yin tata ƙidayar a tsakani, don haka na same shi a 1885 da 1895. A ta 1880 ma yana nan da sunan gona. A ta 1870 kuwa sai ya ɓace ɓat.

A nan na yi kuskuren da ya ci min wata biyar. Na shiga wani shafin zuriya na intanet, na tarar wani bawan Allah ya riga ya haɗa Tsoho da iyaye da kakanni har zuwa shekarun 1600, a wani gari na bakin teku. Suna ya yi daidai, shekarar haihuwa ta kusa. Murna ta hana ni tambayar hujja. Na kwafe, na buga a takarda, har na kai wa surukata. Daga baya na buɗe littafin cocin garin da kaina, sai ga mutumin da aka ce shi ne Tsoho an binne shi a can Norway, bai taɓa ƙetare teku ba. Mai shafin ya kwafa daga wani, wanin ya kwafa daga wani, ni kuma na zama na huɗu ko na biyar a layin. Kunyar komawa wurin suruka in ce a yaga takardar nan, Bahaushe kaɗai zai gane nauyinta.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne yadda mutanen karkarar Norway suke suna, alhali da na tsaya na yi tunani, irin namu ne. Mutum yana da sunan yanka, sai sunan ubansa: ɗan Knut shi ne Knutsen, 'yarsa kuma Knutsdatter. Jikan Knut ba zai amsa Knutsen ba, sunan nasa uban zai ɗauka. Na uku shi ne sunan gonar da mutum yake zaune, kamar yadda muke da Aminu Kano da Shehu Shagari. Bambancin kawai, nasu adireshi ne zalla. Ka tashi daga gona, ka bar sunan a can, ka ɗauki na inda ka koma. Sai a 1923 doka ta tilasta wa kowa ya tsaya a kan sunan iyali guda. To ka ga wanda ya zo Amurka a 1869 yana da zaɓi, yau ya ba mai ƙidaya sunan uba, bayan shekara goma ya ba wani sunan gona, shi kuma mai ƙidayar, da ba ya jin yaren, ya rubuta abin da kunnensa ya jiyo masa. Da na koma ƙidayar 1870 da sunan uba, sai na tarar da mutum huɗu masu sunan Tsoho, sa'o'insa, a gundumar Goodhue ta Minnesota kaɗai, duk ƙwadago suke a gonakin wasu.

Takardun fili ne suka raba min gardama. Dokar raba filaye da Shugaba Lincoln ya sa wa hannu ranar 20 ga Mayun 1862 ta ba duk wanda ya cika sharaɗi eka 160, in ya zauna a kai shekara biyar, ya gina gida, ya noma, ya biya kuɗin rajista da ya tashi dala 18. Baƙo ma yana iya nema, muddin ya yi rantsuwar niyyar zama ɗan ƙasa. Takardar mallakar kanta ana samunta kyauta a shafin hukumar kula da filaye ta tarayya, amma ba ta da wani nama, suna ne da lambobin wuri. An yanka ƙasar kamar dara: kowane yanki murabba'i 36, kowane murabba'i eka 640, rubu'insa shi ne rabon mutum guda. Naman yana cikin fayil ɗin da ke ajiye a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Washington. Na biya, na jira, aka turo min hotunan shafukan.

Na karanta fayil ɗin nan ya fi sau ashirin. A ciki akwai kwafin rantsuwar zama ɗan ƙasa da sunan uba, ga kuma shaidar ƙarshe da sunan gona, mutum ɗaya, fili ɗaya. Akwai bayanin gidansa na farko, ɗaki guda da aka gina da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa, ƙofa ɗaya, taga ɗaya. An tambaye shi abin da ya girbe kowace shekara, a shekaru biyu amsar ita ce fara ta cinye. Ba ƙarya ya yi ba, daga 1873 zuwa 1877 fara ta yi wa yammacin Minnesota kaca-kaca. Na tuna kakata, wadda ba ta san shekarar haihuwarta da lamba ba, sai dai ta ce kafin fara ko bayan fara. Sannan ga maƙwabta biyu da suka yi masa shaida, kamar yadda doka ta nema. Na rubuta sunayensu a gefe ba tare da na san amfaninsu ba.

Akwai abin da fayil ɗin bai faɗa ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ni ma in yi shiru ba. Filin da aka ba Tsoho ba daga sama ya faɗo ba. Ƙasar mutanen Dakota ce, 'yan asalin wurin, wadda aka karɓe ta hanyar yarjejeniyar Traverse des Sioux ta 1851 da abin da ya biyo bayan yaƙinsu da Amurka a 1862. A ranar 26 ga Disambar wannan shekara aka rataye mutum 38 daga cikinsu a Mankato, kuma hannun da ya sa wa dokar filaye hannu shi ne ya amince da hukuncin. Talaka ya gudo daga rashin ƙasa, an ba shi ta wanda aka kora. Haka na rubuta shi a littafin da na haɗa wa yara.

Sai coci. Waɗannan mutane mabiya ɗarikar Luther ne, kuma cocinsu na karkara sun ci gaba da rubuta littattafansu da harshen Norway har cikin ƙarni na 20. Wanda Tsoho ya yi ibada a ciki yana nan, fari, tsakiyar gonakin masara da waken suya, maƙabarta a bayansa. Wata dattijuwa mai riƙe da makulli ta fito min da littafin daga akwatin ƙarfe, ta ajiye min kofi, ta bar ni. A shafin mamata na ga inda ukun nan na ƙidayar 1900 suka tafi: yara uku cikin mako uku, da sanyi, mashaƙo. A shafin baftisma, kowane jariri an jera waɗanda suka tsaya masa, kuma sunayen maƙwabtan nan biyu suna ta dawowa, su da matansu. A shafin aure kuma, inda fasto yake rubuta mahaifar ango, ga abin da na yi shekara ina nema, kalmomi uku da tawada mai dusashewa: Nordre Aurdal, Valders. Wato Nord-Aurdal a kwarin Valdres, can tsakiyar duwatsu, nesa da bakin tekun da na ɓata wata biyar a kai.

In ba ka san sunan yankin cocin ba, kada ma ka taɓa bayanan Norway, don a can komai da wuri aka tsara shi. In ka sani kuwa, ƙofa a buɗe take. Ma'ajiyar tarihin ƙasar tana da shafi, Digitalarkivet, kyauta, da ƙidayar 1801 da 1865 da 1875 da 1900 da hotunan littattafan coci shafi-shafi. Wahalar ita ce rubutun. Tsohon salon hannu ne mai ƙugiyoyi, harshen kuma kusan na Denmark, gadon zaman da ƙasashen biyu suka yi tare har 1814. Na yi makonni ina kwafar haruffa da dare kamar ɗan makarantar allo, har idona ya saba, yadda mutum yake sabawa da ajamin malamin da ba nasa ba. Wani abin taimako, a wancan ƙarnin ana rubuta littafi biyu, ɗaya na fasto, ɗaya na mataimakinsa. Inda tawada ta ɓaci a wannan, sai ka duba wancan.

Na sami baftismarsa, shekara guda kafin wadda aka sassaƙa a kabarinsa. Na sami ranar da aka tabbatar da shi cikakken ɗan coci yana ɗan sha huɗu, har da bayanin an yi masa lambar agana, wadda doka ta wajabta tun 1810. A gaban sunan ubansa an rubuta husmand. Na duba ma'anar: mutumin da ba shi da ƙasa, mai zaman aro a gefen gonar wani, yana biya da ƙarfinsa. A ƙidayar 1865 kuma ga Tsoho, saurayi, a babbar gonar nan da zuriyar take alfahari da sunanta. Matsayinsa a gidan, bara, wato ɗan aiki. A can yake aiki lokacin da ya tashi, sai ya tafi da sunan a aljihu. A jerin waɗanda suka bar yankin a bazarar 1869 ga sunansa, gabansa an rubuta til Amerika, wato zuwa Amurka, kuma layi biyu a ƙasansa ga ɗaya daga cikin maƙwabtan da suka yi masa shaidar fili. Tare suka taso. Rajistar 'yan sandan Kristiania, wato Oslo ta yanzu, wadda aka fara a 1867, ta nuna su rana ɗaya. Da tun farko na bi maƙwabcin nan, mai suna da ba kowa ke da shi ba, da na isa Valdres cikin wata guda. Mutum wajen dubu ɗari takwas suka bar Norway zuwa Amurka cikin shekara ɗari bayan jirgin farko ya tashi daga Stavanger a 1825, amma ba ɗai-ɗai suka tafi ba. Ƙauye-ƙauye suka kwashe, wa ya aika wa ƙane tikiti, maƙwabci ya bi maƙwabci, har mutanen Valdres suka kafa ƙungiyarsu a Amurka a 1899.

Na yi kwanaki ina juya yadda zan gaya wa surukata zancen barantakarsa. Ranar Lahadi bayan cin abinci na shimfiɗa mata takardun a tebur, na ce, "Mama, gonar tana nan, sunan ma gaskiya ne, sai dai ba tasu ba ce. Aiki yake yi a can." Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallon layin, duk da ba ta iya karanta shi. Sai ta yi dariya ta ce ai shi ya sa, ta daɗe tana mamakin me zai sa ɗan mai gona ya zo ya kwana a ɗakin ƙasa. Ta tashi ta ɗauko wani hoto daga akwatin, wata tsohuwa da ɗankwali, ba suna a baya, sai tambarin mai hoto na Norway. Ta ce ba wanda ya taɓa sanin ko wace ce.

A ƙidayar 1865 akwai ƙanwar Tsoho, 'yar shekara sha ɗaya, a gidan aron iyayensu. Ba ta cikin jerin waɗanda suka tafi Amurka. Jiya da dare na buɗe littafin aure na Nord-Aurdal daga 1872, na kai shafi na tara kafin barci ya ɗauke ni.