Na bar zuciyata a tafkin Tison

Jama'a wallahi har yanzu hankalina yana Ngaundere, can ƙasar Kamaru. Jirgin ƙasa muka hau daga Yawunde, muka kwana a hanya, gari na wayewa sai ga mu a tudun Adamawa, ga wata iska mai sanyi kamar an buɗe firij.

Washegari bayan asuba muka hau dutsen nan da ya ba garin suna, a yaren Mbum wai ma'anarsa dutsen cibiya, saboda ƙaton dutsen da ke zaune a ƙolinsa, kana hawa kana haki amma da ka waiwaya ka ga gari duk a ƙarƙashinka da rufin kwano yana ƙyalli sai gajiyar ta tafi.

Amma ni tafkin Tison ne ya tafi da ni. Tsohon ramin aman wuta ne ruwa ya cika shi, bishiyoyi sun kewaye shi, muka bi 'yar hanyar ƙafa muka zagaya shi, shiru kake ji sai kukan tsuntsaye. Nan muka yi alwala muka yi azahar a kan ciyawa, ban so mu tashi ba.

In za ku je ku sa takalmi mai kama ƙasa, da damina akwai santsi sosai.