Gafakar Malam da fitilar duba kuɗi

Gafaka uku na littattafan rubutun hannu kakanmu ya bari a soron gidanmu da ke Masanawa, cikin birnin Katsina. Ɓarnar farko da ta same su bayan rasuwarsa, ni na yi ta da hannuna. Na ga wata takarda ta yage, na kawo salatif na manna. Bayan shekara biyu gam ɗin ya koma ruwan goro, ya shige cikin takardar, da na gwada ɗaga shi sai ya taho da layi guda na rubutu. Har yau in na buɗe wurin raina yakan ɓaci.

Labarin Durbi Takusheyi, wata tsohuwar maƙabarta a jihar Katsina, shi ne ya sauya mini tunani. Kaburbura uku da aka tono a 1992, da ƙasarsu aka ɗauke su ba a warware ba, sai a 2007 aka kai su birnin Mainz na Jamus aka bi su a tsanake. Na ce ashe gaggawata ce ta cuce ni.

Da na koma kan gafakar, Baffa ya zauna kusa da ni ya ce, "Ka duba da ido, ban da jiƙawa, ban da gogewa." Na ce, "In sha Allahu ba abin da zai taɓa su, Baffa."

Na kafa waya a kan mariƙi, na shimfiɗa baƙin ƙyalle, na kashe filashi. Takardun ba a ɗinke suke ba, don haka na riƙa bin kalmar nan da marubuci kan ajiye a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon na gaba, ina ba kowane hoto lamba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne aikin haske. Da na haska tocila daga gefe, ƙasa-ƙasa, sai layukan da aka shata kafin rubutu suka fito, da ramukan da ƙwari suka ci. Da na sa hasken a bayan takarda, sai ga jinjirin wata uku a jere cikin jikinta, tambarin takardar Italiya da fatake suka riƙa kawowa ta Sahara. Baffa ya daɗe yana kallo, shekara sittin yana ganin littafin bai san da su ba.

A wani shafin da laima ta kashe, na aro fitilar duba jabun kuɗi mai haske shuɗi. Takardar ta yi fayau, rubutun ya yi duhu, muka karanta sharhin gefe da muka fid da rai da shi. Daƙiƙa kaɗan na bar ta a kunne, domin irin wannan haske yana cin takarda.

Hotunan suna kwamfuta, kwafi ɗaya yana wajen ƙanena a Kano. Gafaka ta uku ce ta rage, sai damina ta wuce.