Inda na kai a FTL: uwar jiragen ƴan tawaye ta tare mini hanya

Ƴan uwa masu koyon FTL: Faster Than Light, barkanmu da war haka. A makon nan na kai shiyya ta 8, wadda ita ce ta ƙarshe, da jirgin Kestrel a mataki na matsakaiciyar wahala. Na karya uwar jiragen ƴan tawaye a gwabzawar farko da ta biyu, a ta uku ta gama da ni. Ban ci wasan ba tukuna, amma yanzu na san inda ake cinsa, kuma tun a shiyyoyin farko ne, wajen kashe tarkacen ƙarfen da ake tarawa.

Ga sabbin shiga: wasan kwamfuta ne na jiragen sararin samaniya, mutum biyu suka ƙirƙiro shi, Justin Ma da Matthew Davis, ya fito a watan Satumba na 2012. Dalar Amurka 10,000 suka nema a Kickstarter, shafin tara gudummawar kuɗi, jama'a suka tara musu sama da 200,000. A 2014 suka ƙara masa sabbin abubuwa kyauta. Abin da ya sa ya karɓe mu a nan Maraɗi shi ne tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ma tana ɗaukarsa, in an sauke shi ba ya bukatar intanet, kuma akwai shi da Faransanci. Babu shi a wayar Android, don haka kada wani ya wahalar da kansa da nema.

Kai ne kyaftin. Kana ɗauke da saƙon sirri zuwa ga rundunar tarayya, ƴan tawaye suna biye da kai, kullum ka yi tsalle zuwa wani zango su ma sun matso. Kestrel yana farawa da mutum 3, mai na tsalle 16, makamai masu linzami 8, da jikin jirgi mai ƙarfin 30. In ƙarfin nan ya ƙare, shi ke nan, a koma farko. Babu wani tsohon ajiya da za ka koma wa.

Abin da ya fi burge ni har gobe shi ne wasan ba na saurin yatsa ba ne. Kana danna dogon maɓallin ƙasa komai ya tsaya cak, ka yi tunani iya son ranka. Daren Talata a fadarmu, shayi yana kan gawayi, wani jirgin ƴan fashi ya jefo mini makami mai linzami ya faɗa ɗakin iska. Wuta ta tashi, iskar shaƙa ta fara sauka, ga kuma Mantis biyu, wasu halittu masu kama da ƙwari da suka iya faɗa, sun diro ɗakin makamai. Gaba kura, baya sayaki. Na tsayar da wasan. Ƙanena da ke leƙe ta kafaɗata ya ce, "Yaya, buɗe ƙofofin baya, wutar za ta mutu da kanta." Haka aka yi. Na janye mutanena zuwa ɗakin magani, na buɗe ƙofofin da ke fita sarari, iska ta fice, wutar ta mutu, su kuma Mantis da numfashi ya fara gagararsu suka fasa ƙofa suka biyo mu ɗakin magani, inda mutanena ke warkewa suna duka. Daga nan na rufe ƙofofi, na tura Engi, wata halitta cikin ma'aikatan jirgina, ya gyara injin iska, tunda ninkin saurin mutum yake gyara. Duk wannan bai kai minti biyu na wasa ba, amma kowane taku sai da muka yi shawara a kansa. Kaɗan ne wasannin da ke ba mutum wannan.

Yanzu maganar tarkace, wadda ita ce kuɗin wasan. Tsarin da nake bi shi ne tarkace 50 na farko su tafi ga garkuwa ta biyu, ba na taɓa komai kafin nan. Jirage da yawa a shiyya ta 1 da ta 2 ba sa iya huda garkuwa biyu, to ka ga ka daina biyan kuɗin gyara. Kowane ɗan kasuwa a garin nan ya san bambancin cin riba da cin uwar kuɗi. Gyaran jiki a shago cin uwar kuɗi ne, don tarkacen da ka ba mai gyara ba za su dawo su zame maka makami ba. Bayan garkuwa sai na riƙe wani abu a hannu saboda shago, in kuma na ga Long-Ranged Scanners na saya nan take, tarkace 30 ne, suna nuna maka zangon da ke da jirgi ko haɗari kafin ka faɗa. Sannan kada ku yi gaggawar fita daga shiyya. Ku zaga duk zangon da za ku iya kafin ƴan tawaye su cim muku, musamman cikin hazon sarari, inda tafiyarsu ke raguwa.

A wajen harbi, ku daina barin bindigogi suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Kowane harbin leza zare garkuwa ɗaya yake yi, kuma tana dawowa cikin daƙiƙu. Ku jira duka su cika ku sake su tare, a kan ɗakin makaman abokin gaba tukuna. Burst Laser II da Kestrel ke zuwa da ita harbi 3 take yi da wuta 2 kacal. In kun ga ta biyu a shago, ku sayar da abin da za ku iya ku ɗauka.

To amma fa wasan nan yana da abin takaici, kuma ba duka ne laifin mai wasa ba. Akwai tashar da manyan gizo-gizo suka mamaye: ka tura mutanenka taimako, ko ka samu lada ko ka rasa mutum ɗaya, ba tare da wata dabara da za ka yi ba in ba ka da kayan da suka dace. Matuƙin da ya ƙware tun shiyya ta 1 ya tafi a danna ɗaya. Ni yanzu wucewa nake yi, kuma ina jin zafin wucewar, don wasa ne da ke koya maka kyautatawa a wasu wurare sannan ya hukunta ka a kanta a nan. Shaguna ma haka. Kana iya keta shiyya uku da tarkace jibge ba ka ga makamin kirki ba, ka isa shiyya ta 5 inda jirage ke da garkuwa uku kai kuwa ba ka da abin huda su. Wannan ba wahala ce mai koyarwa ba, rashin sa'a ne tsagwaronsa.

Babban ƙorafina shi ne uwar jiragen kanta. Shiyya bakwai wasan yana barinka ka gina jirgi yadda ka ga dama, a ta takwas sai ya tambaye ka abubuwan da bai taɓa gaya maka ba. A gwabzawar farko tana ɓacewa, tana jefo makamai masu linzami uku-uku waɗanda garkuwa ba ta tare su. A ta biyu sai ruwan ƙananan jirage marasa matuƙi. A ta uku tana zuwa da koriyar garkuwa mai shanye komai, ta juya wa mutum ɗaya cikin mutanenka hankali, ta kuma turo nata mutanen cikin jirginka. Na'urar ɓacewa, mai tarkace 150, ita ta fitar da ni daga biyun farko: ina ganin makaman sun taso sai in ɓace, su wuce. A ta uku ba harbinta ne ya kashe ni ba, mutanenta ne suka cika mini jirgi, matuƙina ya juya yana fasa ɗakin tuƙi, jirgin ya daina kauce wa komai.

Shi ya sa a tafiya ta gaba zan nemi na'urar tura mutane cikin jirgin abokin gaba da Mantis biyu, in rage mutanenta tun gwabzawar farko, in fara da mai kula da makamai masu linzami, tunda a matakin matsakaiciyar wahala ɗakinsa a ware yake, babu mai kawo masa ɗauki. Zan bar mutum ɗaya da rai, don in aka kashe su kaf kwamfutar jirgin ce ke karɓar tuƙi tana gyara kanta. Wanda a cikinku ya ci gwabzawa ta uku ba tare da tura mutane ba, ina son in ji irin makaman da ya riƙe da matakin da ya kai ƙofofinsa.